Ni Na Kai Baba Asibiti

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Sabi'u, daga Zandam ta Gwaram.

Lokacin korona magana ɗaya ake yi a garinmu: duk wanda gwamnati ta killace ba ya dawowa, ko gawarsa ba a bayarwa. Babu wanda ya zo ya yi mana bayani, sai gani muka yi an rufe kasuwa.

Ana cikin haka numfashin Baba ya fara sarƙewa. Na ce mu kai shi asibitin Birnin Kudu. Yayana Hamisu ya tare ƙofa ya ce, "Wallahi in ka fita da shi, babu ni babu kai." Baba yana kallonmu. Na ture Yaya, na sa Baba a mota.

Kwana uku ya yi ya rasu. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari, da idona na gani, kuma sun ba mu shi muka yi masa sutura.

Har yau Yaya ba ya amsa sallamata, wai ni na miƙa ubanmu ga gwamnati. Jama'a ku ba ni shawara, ta ina zan ɓullo masa? Na san yana jin shirin nan.