Bishiyar Lissafi a Kunnen Malama

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamaina masu daraja, iyaye da 'yan'uwa da kuka cika wannan zaure, assalamu alaikum. Ina godiya da kuka saurari matashin da tawadar digirinsa ba ta gama bushewa ba.

Da farko, ku sani kowane lissafi bishiya ce. A tara biyu da uku, a ninka da huɗu: ninkawar ce gindi, tarawar reshe, lambobin kuma ganyaye. Mai ido yana hango ta dungurungum a kan allo. Amma Malamarmu ta lissafi, ga ta nan a sahun gaba, shekara biyu ke nan da idonta ya rufe, wayarta kuma tana karanto mata lissafi a cakuɗe. An ce muddin ba ta iya duba aikin ɗalibai ba, bana za ta ajiye alli.

Na biyu, na ƙera manhajar da waya za ta aika wa lissafi ta intanet, ta warware shi reshe-reshe, ta mayar da shi a jere. Na ɗora ta a kan sabar, wato kwamfutar da ke amsa kiran wayoyi, na shelanta juyin juya hali. Malama ta gwada daga gida, shiru. Ta kira ni: "Kai sarkin surutu, a tukunya ka shuka bishiyar taka?" Na ce, "Malama, a kwamfutata tana aiki!" Ta ce, "To zo ka ɗauke ni ka zuba a kwamfutar." Ashe sabar kanta kaɗai na bar ta tana saurare. Na gina katafaren gida, na kulle ƙofa ta ciki. Layi guda na gyara a manhajar, sai ƙofa ta buɗe.

Na uku, mafarkina. Ina hango wani kurmi wanda ba a shiga da ido, inda kowane reshe ke faɗin sunansa a hankali, Malama tana tafe a inuwarsa, ɗalibai na biye da sawunta.

Ranki ya daɗe shugabar makaranta, ga takardun ɗalibai arba'in da ta duba shekaranjiya da kunne, ta kama kurakurai goma sha bakwai. A bar mata allinta.

Allah ya ƙara wa Malama lafiya, ya albarkaci wannan taro, ya mai da kowa gida lami lafiya.

Na gode.