Ɗigon jinin da Inna ta hana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Mariyama ce daga Tchaké. Ina gaida ƙawayena na gurup, musamman Zulai mai cewa portabul, wayar hannu, ya cinye mini kai. Zulai, yau ki saurara!

Yayata Rabi ta daɗe tana zazzaɓi, duk ta ɗashe. An yi ta ba ta maganin palu, zazzaɓin cizon sauro, shiru. Daga Mayahi aka tura mu babban lopital, likita ya ce sai an ɗebi jini a yi analiz. Inna ta tsaya ƙyam, ta ce: "Ɗiyar da jininta ya ƙare za ku ƙara tatsa? Wallahi a'a!"

Na yi magiya har da kuka. Sai matar laboratuwar ta ce: "Inna, zo ki gani." Ta nuna mata ƴar kwalbar da za ta cika, ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta ce akwai ruwan gwaji, antikor, mai kama wani sinadari cikin fararen ƙwayoyin jini, shi ke nuna irin cutar. Na binciko hoton ƙwayoyin a portabul, Inna ta ƙura mishi ido, ta ce: "To, ku ɗiba kaɗan."

Ashe cutar fararen ƙwayoyin ce, ba palu ba. An gano irinta, an fara magani. Rabi ba ta warke ba tukuna, amma jiya ta cinye tuwonta har ta ja nawa. Madam ta laboratuwar, Allah shi saka miki da alheri.

Masu sauraro, wanda uwarshi ta taɓa hana ɗibar jini, yaya kuka shawo kanta? Akwai wani analiz gaba, kuma Inna ta fara harara.