Wa Ke Na Ƙarshe?

Rodion ya shiga ɗakin jiran likitan haƙori a garin Cherepovets na ƙasar Rasha dafe da kunci, ya tarar da wani tsoho da jarida.

"Baba, wa ke na ƙarshe?"

"Wani ɗan bana-bakwai. Abin kunya!"

"Ina yake?"

"Kanada."

"Kanada kuma? To, na farkon fa?"

"Ya rasu. Shi kam ya cancanta."

Kan Rodion ya ɗaure. "Layin likita fa nake tambaya."

"Ni kuma jerin gwanayen 'yan tsaron baya goma na wasan hokin ƙanƙara a Rasha nake karantawa. Shekara goma sha huɗu ina tare ƙwallo da bakina, amma babu sunana!"

"To, kai na nawa ne?"

Tsohon ya washe baki, dasashi zalla.

"A nan dai, ni ne na farko."