Wai Ta Baya Nake Shiga

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, kai da masu saurare.

Ni malamin makaranta ne a Funtua, kuma sakataren ƙungiyarmu ta manoman masara. Shekara biyu ke nan, da furfurata, ina koyon gina shafin intanet don masu saye daga kudu su riƙa ganin hatsinmu kai tsaye. Na fara da gaban shafi, wato abin da ido ke gani. Bana na shiga bayansa, inda ake adana sunaye da bayanai. Sai ka iya duka biyun kake cika magini.

Kuskurena ɗaya, na faɗi haka a majalisa. Alhaji Ilu, dillalin da shafin zai rage wa ciniki, ya zabura: "Jama'a kun ji ko? Da bakinsa ya ce ta baya yake shiga! Malam, asusun wa za ka fara kwashewa?"

Mutumin da har yau bai iya adana lamba a wayarsa ba, shi ya zama masanin kwamfuta. Kafin la'asar labari ya kai har garin Tsiga cewa ni ɗan damfara ne. Ranar Asabar ƙungiya za ta zauna a tsige ni daga sakatare.

Alhaji Ilu, na san kana jina. Ka zo zaman da wuri. Zan buɗe shafin kowa ya ga yadda ake sayen buhu a kudu, a gwada da farashin da kake faɗa mana.

Ina gaida 'yan majalisa, har da waɗanda suka daina amsa sallamata.

Malam Hadi, Funtua