Sun Mai da Addu'ar Kakana Taron Siyasa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Rabi, jikar marigayi Malam Idi mai goro, daga Zongo, Kwatano. Raina a ɓace yake.

Kakanmu ya rasu watan jiya. Shi ne yake goya mu a ɗan babur ɗinsa mobilet kowace safiya, ya haye gada ya kai mu lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Akpakpa. Bai taɓa cin abinci ba sai ya ga kowane jika da kwanonsa.

Ranar addu'a, malamai suna tsakiyar karatu, sai ga wani mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, da lasifika. Ya taka tabarmar Kaka da takalmi, yaransa suna raba huluna masu hotonsa. Ya ce, "Alhaji nawa ne, tare muka yi gwagwarmayar dimokuraɗiyya!"

Kakata ta ɗaga labule ta ce, "Wane Alhaji? Guzurin Makkansa a karatun yaran nan ya ƙare."

Ko kunya bai ji ba, ya ci gaba.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. 'Yancin da muka samu ya hana a kori mutum daga gidan makoki? Don ya ce zai dawo ranar arba'in.