Hauwa Ta Zo Ta Ɗaya, Amma Fasfonta Kore Ne

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Maman Hauwa ce, 'yar Kano, daga Kuala Lumpur, inda maigidana yake koyarwa.

Hauwa a nan ta girma, kuma ita ta zo ta ɗaya a makarantarsu. Mun sha yawo kafin mu samu kwalejin aikin jinya mai tallafa wa masu ƙoƙari, ga ta kusa da gida. Ranar ganawa ita da malamar da ke tantance ɗalibai suka yi ta hira da yaren Malay, har da dariya. Tana miƙa fasfonta na Najeriya, sai matar ta ce tallafin na 'yan ƙasa ne.

A hanyar komawa Hauwa ta ce, "Mama, to a Kano za su ce ni tasu ce?" Hausar ma da ƙyar ta haɗa.

Jama'a, ina zan kai yarinyar nan?