Gidan Jiran Mahadi

A rumfar mai gahawa a unguwar Misfala ta Makka, tsoho Rabe ya tsare wani baƙo da tambaya, Bahaushe falke da ya zo daga Adan ta ƙasar Yaman.

"Baba, maƙerin azurfan da nake ciniki da shi a Adan Bayahude ne. Ya ce a littattafansu duniya kamar mako take: shekara dubu shida ana wahala, ta bakwai hutu, sannan a sake sabuwa."

"A sake? Kamar waina a tanda?"

"Haka ya ce. Yana duban taurari kuma, wai mai cetonsu ya kusa."

Rabe ya gyara zama. "Mahaifina ma da ƙafa ya tako daga Sakkwato don ya tari Mahadi. Ya hana mu gini, wai saura kaɗan. Na tsufa a bukkar gwangwani, 'yata Ramlatu kullum tana kukan zafi. Shi Bayahuden naka, ya yarda an kusa?"

"Ko gobe, in ji shi."

"A ina yake jiran?"

"A gidansa mana. Na dutse, hawa uku. Bara ma ya ƙara ɗaki."

Rabe ya daɗe yana kallon finjalinsa, sannan ya juya.

"Kai, mai gahawa! Wa ka sani magini a unguwar nan?"